Garma a Gaban Sikida: Yadda Aka Buɗe Hanyar Fadamar Sida a Arewacin Maine

A farkon watan Disamba wani dattijo ya shigo garejin da nake aikin walda a gundumar Aroostook, can ƙuryar arewacin jihar Maine ta Amurka, yana janye da ƙaramar tirela a bayan fikof ɗinsa. A kan tirelar akwai tsohuwar garmar ture dusar ƙanƙara, irin wadda ake ɗaura wa tifofin hukuma, tsawonta ƙafa 11, wato mita 3 da 'yan kai, tsatsa ta cinye fentinta saura kaɗan. A gwanjon wani ƙaramin gari ya saye ta. Buƙatarsa guda ce, in haɗa masa ita da injinsa na jan gumagumai, wato sikida, kafin sati ya zagayo. Sa'an mahaifina ne, don haka tun ranar Baba nake ce masa, bai kuma taɓa hana ni ba. Aikin nan ya lalace a hannuna sau ɗaya kafin ya gyaru, kuma dalilin lalacewar abu ne da ya shafi duk mai riƙe da sandar walda, ko da bai taɓa ganin dusar ƙanƙara da idonsa ba.

Kusan kashi 90 cikin 100 na ƙasar Maine daji ne, babu jihar da ta kamo ta a Amurka ta wannan fuska. Da can ta ruwa ake fitar da itace: a sare da hunturu, a jibge a bakin kogi, in ƙanƙara ta narke ruwa ya kwashe zuwa masana'antar takarda. A 1976 aka yi korar gumagumai ta ƙarshe a kogin Kennebec, daga nan komai ya koma kan taya. Manyan kamfanoni suka shimfiɗa hanyoyinsu, irin su Golden Road da kamfanin Great Northern Paper ya gina, mil 96 daga Millinocket har iyakar Quebec, suna da gireda da tifofin da ke share musu. Baba ba ya cikin wannan sahu. Dajinsa na gado ne, daga shi sai ɗan ƙanensa, zarton inji biyu, injin ja guda. Hanyarsa ta tashi daga titin gari ta shiga daji kimanin kilomita 3, ta ƙare a filin da yake tara itace babbar mota ta zo lodi. Tunda hanyar tasa ce, share ta ma nasa ne.

Abin da ya kai shi ƙarshen hanyar nan itacen sida ne (cedar a Turance), wanda ake nema don shinge da rufin gida saboda ba ya saurin ruɓewa. A fadama sida ya fi fitowa, baƙar ƙasa mai laushi wadda in mutum ya taka lokacin zafi sai ya nutse har gwiwa. Ita kanta hanyar sai da ta ratsa fadamar na kusan rabin kilomita. A shekara guda, 'yan makonnin da ƙasa ta daskare ne kaɗai inji ke iya shiga wurin, kuma a cikinsu Baba yake samun yawancin abin da zai ci har shekara ta zagayo.

Ni da farko na ɗauka ana share hanya ne kawai don mota ta sami wurin wucewa. Baba ne ya zaunar da ni. Dusar ƙanƙara, in ji shi, bargo ce. Yawancinta iska ce da ta maƙale tsakanin ƙwayoyinta, shi ya sa take tsare ɗumin ƙasa yadda auduga ke tsare ɗumin jiki. In ta sauka da wuri ta yi kauri kafin ƙasa ta kama, to ko sanyin sama ya kai digiri 30 ƙasa da sifiri, ka tona ƙarƙashinta a fadama ɗanyen taɓo za ka tarar. Inda aka yaye bargon kuwa, sanyi kan ratsa ƙasa ya wuce zurfin mita guda. Motar itace mai aksil shida a Maine, doka ta yarda ta kai fam 100,000 da kayanta, kimanin tan 45, kuma daskarewar ƙasa ce kaɗai za ta ɗauki wannan nauyi a kan fadama. Saboda haka aikin garma na farko shi ne ta buɗe wa sanyi ƙofa. Duk daren sanyin da hanya ta kwana a lulluɓe, an yi asararsa.

Bargon kuwa ba ya gajiya da dawowa. A garin Caribou, inda ofishin hasashen yanayi na yankin yake, abin da ke sauka a hunturu guda kan kusa mita 3 in an tara lissafi, a hunturun 2007 zuwa 2008 har inci 197.8 aka auna, mita 5 ke nan. Sanyi mafi tsanani da aka taɓa aunawa a jihar, digiri 45 da ɗoriya ƙasa da sifiri, a wannan gunduma aka same shi, a bakin kogin Big Black, cikin Janairun 2009.

Shekara da shekaru da fikof Baba yake fama, da garmar Fisher irin wadda ake ƙerawa a Rockland, kuma tana yi masa aiki lafiya lau har tsakiyar Janairu. Daga nan nauyin motar ke gazawa. Kowace shara tana ƙara tudu a gefen hanya, tudun ya daskare ya zama ganuwa, fikof ba ta da ƙarfin tura ganuwa baya, sai hanya ta yi ta tsukewa. Babbar mota faɗinta mita 2.6 ne. Direba ya iso bakin hanya, ya leƙa ya ga madubinsa zai goga, ya juya abinsa. Mai gireda na haya kuwa, ranar da ka fi buƙatarsa ranar kowa ke nemansa, kuma manyan 'yan kwangila ake fara sallama. A hunturun da ya gabata itacen Baba ya yi kusan sati biyu a fili ba a ɗauka ba. Shi ne ya dubi injin da ke kwana a dajin kullum, ya ce ga mai ƙarfi nan zaune.

Injin nan sikida suke ce masa. Wanda bai taɓa ganinsa ba ya ɗauko tarakta a ransa, ya ba ta manyan tayoyi huɗu masu girma ɗaya, duka suna ja, sannan ya raba ta biyu a tsakiya ya haɗa da gaɓa. In an murɗa sitiyari, jikin ne gaba ɗaya ke lanƙwashewa a gaɓar kamar ƙugu, haidirolik na tura shi hagu da dama. A baya akwai winci mai naɗe igiyar ƙarfe, da ita ake ɗaure gumagumai a ɗaga kawunansu a ja su ƙasa. A shekarun 1960 irin wannan inji ya bazu a dazukan arewa, ya karɓi aikin dawaki da ƙananan katafila. Kamfanin Timberjack na Woodstock a Ontario ya yi suna a kansa, kafin John Deere ya saye shi a shekarar 2000. Na Baba John Deere 440 ne, samfurin da aka fara fitarwa a 1965, dizal mai silinda huɗu, nauyinsa ya haura tan 5. A gabansa akwai ɗan allon ƙarfe nasa na asali, gajere, miƙaƙƙe, bai kai faɗin tayoyin ba, hawa da sauka kawai ya iya. Don jera gumagumai aka yi shi, da kafe injin a ƙasa in ana jan winci. In ka ture dusa da shi, sai ta taru ta malalo ta sama da gefe ta koma ƙarƙashin taya.

Da na zagaya garmar gwanjon na ga inda ciwonta yake. Garmar titi ba a tsaye ƙam ake yin ta ba. Ruwanta na zaune ne a kan hinji, manyan sifirin suna riƙe da shi. In bakinta ya bugi abin da ba ya motsi, sai ta kife gaba, ta tsallake shi, sifirin su dawo da ita mazauninta. A wannan kuwa biyu daga cikin sifirin sun karye, hinjin kuma tsatsa ta like shi.

Na ce, "Baba, sai an yi odar sabbin sifirin. Za su yi sati biyu kafin su iso."

Ya ce, "Ɗana, sati biyun nan ba ni da shi. Ka ɗaure ta ƙam. Hanyar nan ni na fasa ta da hannuna, na san kowane dutse a kanta."

Na yi musu sau ɗaya, na ga furfurarsa, na yi shiru. Na ɗauko sandunan ƙarfe biyu na walda su a gurbin sifirin. Sannan, da yake firam ɗin garmar siriri ne a baya, sai na kafa kunnuwan da za ta rataya a kusa da tsakiyar allon injin, inda babu abin da ke tokare shi ta baya. Kuskure biyu ke nan a yini guda, kuma duka nawa ne. Shi ya san daji, amma ni aka kawo wa aikin don ni na san ƙarfe.

Shara uku aka yi lafiya, har ya kira ni yana sa albarka. Kafin ta huɗu aka sami kwana biyu na ɗan ɗumi da yayyafi, sannan sanyi ya dawo da ƙarfinsa. A ƙasa irin tasu ruwa kan daskare ya kumbura a ƙarƙashin duwatsu ya riƙa turo su sama kaɗan-kaɗan, har dutsen da bara yake binne bana ya fito da kai. Da asuba, cikin duhu, Baba yana tafe a giya mai ɗan sauri, kusurwar hagu ta garmar ta sami irin wannan dutse. Injin ya tsaya cak. Ƙirjinsa ya bugi sitiyari, ya yi sati uku in zai yi tari sai ya dafe haƙarƙari. Allah ya tsare, abin ya tsaya nan.

Da aka kawo mini kayan na daɗe ina kallonsu. Allon injin ya lanƙwashe a tsakiya. Kunne ɗaya ya ɓalle, amma ba a kan walda ba, naman allon ya yage ya tafi da shi. Sandar silindar da ke ɗaga allon ta karkace. Waldata ko gezau ba ta yi ba, kuma wannan ne ya fi damuna, don ƙarfinta ne ya ɗauki bugun nan ɗungurungum ya miƙa wa sassan da suka fi tsada, ragowar kuma ya miƙa wa ƙirjin mutum. Wanda ya taɓa bin garmar shanu ya san in ta ci karo da kututture shanun ne ke tsayawa da kansu, sun ji a wuyansu. Inji ba ya ji. Tan 5 da ɗoriya ne ke tafe, kuma in an ninka gudu sau biyu ƙarfin bugun sau huɗu yake ninkuwa. Dole bugun ya sauka a wani wuri. Sifirin da na cire su ne wurin da maƙeran garmar suka tanada masa tun farko.

Gyaran ya ci kwana goma sha biyu, kusan sati biyun da aka ƙi jira, ga kuɗin silinda a kai. Wannan karon na ce masa, "Baba, ku yi haƙuri, yadda na ga ya dace zan yi, in ba haka ba ku kai wani wurin." Ya ɗaga hannu ya ce in yi.

Da allon na fara. Muka gasa shi muka miƙar, na ƙara masa farantin ƙarfe ta baya. Sabbin kunnuwa na kafa su daidai saitin hannuwa biyun da ke riƙe da allon, yadda turi zai bi ta cikinsu kai tsaye zuwa jikin injin, na faɗaɗa firam ɗin garmar ya kai wannan tazara, na tokare kowane kunne da ƙarfe mai kusurwa uku. Ƙarfe mai kauri da ya kwana cikin sanyi ba a afka masa da walda haka nan, yakan tsage daga baya. Sai da ya kwana cikin gareji, na ɗumama shi da wuta, na yi aiki da sanda mai lamba 7018 wadda na adana a busasshen wuri.

Tsayin kunnuwan ya ci mini rabin yini, kuma bai yi yawa ba. A daɓe mai daidaito muka ajiye injin da garmar, muka yi ta aunawa har firam ɗin ya kwanta sambal lokacin da bakin garmar ke ƙasa. In bayansa ya fi gabansa tsayi, turi zai riƙa nutsa bakin cikin ƙasa, kuma ranar da aka yi karo injin zai nemi hawa kan garmar. Bayan haka, da zarar an karkata garma a kan firam ɗin da bai kwanta daidai ba, kusurwa ɗaya ta ci ƙasa, ɗayar ta tashi sama. Ramukan fil ɗin kuma na ɗan tsawaita su da gangan, don garmar ta sami damar yin gefe-gefe ta bi kwanciyar hanya.

Ɗagawa da sarƙa na yi ta. Daga saman allon injin na sauko da sarƙa zuwa gaban firam. In direba ya ɗaga allo, sarƙa ta miƙe ta ɗauki garma. In ya sauke, sarƙa ta yi sako-sako, garma ta zauna da nauyin kanta kawai, tana hawa da sauka yadda ƙasa ta ba ta. Allon sikida yana da ƙarfin da zai ɗaga gaban injin daga ƙasa, kuma ban so wannan ƙarfi ya sami hanyar danne garmar ko kaɗan. A ƙarƙashinta na sa takalma biyu na ƙarfe masu kamar faifai, waɗanda ke riƙe bakin sama da ƙasa kamar yatsa biyu, don ya shafe kan ƙananan duwatsu ya bar tsakuwar hanya a inda take. Sabbin sifirin suka iso, muka kwance hinjin da wuta da mai, na sa aka ɗora bakin garmar kan gungume aka tura a hankali har na ga ta kife ta dawo da idona.

Sai karkata. In garma mai mita 3.35 ta karkata digiri 30, faɗin da take sharewa ya koma kimanin mita 2.9, wanda ya rufe sawun tayoyin har da sarƙoƙinsu da ɗan rara. Baba ya so a sa haidirolik ya riƙa juya ta daga kujera. Na hana, kuma har yanzu ina ganin daidai na yi. Famfon injinan John Deere na wancan zamani yana riƙe matsi ne a tiyo, ba ya tura mai sai an nema. Bawul ɗin da ake samu da araha kuwa yawanci barin mai yake ya yi ta zagayawa. In ka haɗa su, famfo ba zai huta ba, mai zai yi zafi, kuma man nan shi sitiyari ke sha. A tsohon inji, cikin daji, ban ga dalilin taɓa jijiyar da ke juya shi ba don a huta da sauka sau biyu. Na huda ramuka uku, hagu, tsakiya, dama, ana zura fil da hannu. Fil ɗin kuma na zaɓi mai taushi da gangan, wanda zai guntule kafin firam ya lanƙwashe, kamar fiyus a wutar gida. Na ba shi guda shida a gwangwani, na roƙe shi kada ranar da ɗaya ya karye ya ce zai sa mai tauri.

Abu na ƙarshe nauyi ne. Sikida dama gabansa ya fi nauyi, don an yi shi ne kaya su danne bayansa. Ka rataya masa garma mai kusan tan guda can gaba da taya, sai baya ya yi sakayau ya riƙa zamewa. Maganin wannan daga Baba ya fito: ya yanko guntun gungume mai kauri, ya ja shi da winci ya ɗage shi ya manne da bayan injin. Da shi da sarƙoƙi a tayoyi huɗu, injin ya zauna.

Daga nan aikin ya koma hannun mai tuƙi, kuma nan ma akwai abin koyo. Kafin shara ta gaba ɗan ƙanen nasa ya bi hanyar da ƙafa da ɗaurin sanduna, ya kafa alama mai ƙyalle a bakin kowace kwalbati, da kan dutsen nan, da duk wurin da ya ji shakka. Garmar titi an lanƙwasa ta ne don gudun tifa, inda dusa ke naɗewa a jikinta ta yi tsalle can gefe. A tafiyar sikida, wadda ba ta fi saurin mai sassarfa ba, gangarawa kawai take ta zube kusa. Amma abin da ya rasa a gudu ya samu a taka. Yana iya sa tayoyi biyu cikin kwata ya bi gefen hanya, ya ɗaga garma ya sare kan ganuwa, ya dawo ya ture gindinta. Tun sharar farko Baba ya riƙa tura tudun can nesa, har ɗan ƙanen yana cewa wannan ai faɗin titin gwamnati ne. Tun ran gini ran zane. A Fabrairu, da aka rasa wurin zuba sabuwar dusa a wasu hanyoyin, tasa tana da sarari.

Karkatacciyar garma tana tura dusa gefe guda, dusar kuma tana tura gaban injin ɗaya gefen. A inji mai gaɓa a tsakiya, in direba ya murɗa don ya gyara, sai baya ya yi waje, duk kokawar kuma a kan fil-fil ɗin gaɓar take sauka. Dusar da ta sauka sabuwa cikin sanyi ba ta cika kai kilo 100 a cikin awon mita guda tsawo, mita guda faɗi, mita guda zurfi ba, wadda iska ta daddanne kuwa tana kai 300 zuwa 400. In wannan daddanniyar ta kai zurfin santimita 60, kowace mita guda da injin ya ci gaba da cikakkiyar garma, fiye da rabin tan yake kawarwa. Shi ya sa a irin wannan rana rabin garma yake ci, ya ƙara zagaye. Kullum da safe kuma sai gaɓar ta sha giris.

Fadamar ita ce ainihin jarrabawar. Bai shiga da garma kai tsaye ba. Sai da ya fara bi da injin shi kaɗai, gaba da baya, ya tattake dusar ya fitar da iskar cikinta, ya bar ta kwana biyu ta kama. Sannan ya share, ya wuce gefen hanyar da kyau ta kowane ɓangare, don gefen da ke ƙarƙashin tudu ba ya daskarewa sosai, kuma nan tayar babbar mota ke faɗawa. Da sandar ƙarfe yake gwadawa, ya soka ya ji. A cikin sati na biyu na Janairu motar farko ta ratsa da cikakken lodi ta fita. Abin da ya ba ni mamaki, da Maris ya kama sai na ga yana mayar da 'yar dusa kan hanyar a wuraren da rana ke duka. Bargon da aka yi ta yayewa don sanyi ya shiga, yanzu shi ake mayarwa don kada ya fita, farinta kuma yana mayar da hasken rana, inda baƙar ƙasa za ta sha shi ta narke.

Ba komai ne ya tafi daidai ba. Kujerar sikida keji ne kawai, babu gilashi, garin dusa na shigowa fuska, sai da ya kewaye ta da falanki da roba mai gani. Fitilu muka ɗaga sama don garmar na tare haskensu. Ragar lagireto kan toshe da dusa, sai an tsaya an kakkaɓe. Dizal kan yi kauri kamar kakide a irin wannan sanyi, da kananzir ake sirka shi, kuma tunda babu wutar lantarki a filin lodi, sai ya tayar da ƙaramin janareto ya ɗumama injin kafin ya yi kiki. Kowace shara tana cin kusan awa biyu, kuma awa biyun nan daga lokacin jan itace ake cire su, a jikin injin da ya riga ya tsufa. Fil uku suka guntule kafin hunturu ya fita, kowanne a wurin da da allon ne zai sake lanƙwashewa. Akwai kuma wani yanki a farkon hanyar da ya bi gefen gonar dankali, fili fetal, inda iska ke tara dusa ta daddanne ta kai ƙirjin mutum. Bayan wata guguwa a Fabrairu garmar ta kasa, tayoyi huɗu suna ta haƙa a wuri guda. Ranar sai da ya yi hayar inji mai feso dusa sama, ya jira shi kwana biyu.

Ga wanda dama yana da injin, hanyarsa gajera ce kuma tasa ce, ina ganin dabarar ta biya kuɗinta, don sau ɗaya tak ya nemi taimakon waje, babu kuma direban da ya juya daga bakin hanyarsa a hunturun. In hanyar ta kai kilomita goma sha, lissafin zai juye, yinin zai ƙare a shara, tsohuwar tifa ko gireda ta fi. Titin gari kuma ba wurin sikida mai sarƙa ba ne. Garmar da ba ta kifewa kuwa ba zan sake haɗa wa kowa ita ba, ko wane ne ya roƙa.

Wajen ƙarshen Maris ƙasa ta fara narkewa ta sama alhali ƙarƙashi na daskare, ruwa ya rasa mafita, lokacin caɓi ya shigo. Hukumar gari ta liƙa takardun nan masu ruwan lemo a bakin titi, waɗanda ke hana motar da ta haura fam 23,000 wucewa. Lodin Baba na ƙarshe ya riga ya fita da kwana huɗu. Na je dajin ranar Asabar, muka zare fil biyu, muka kwance sarƙa, muka ɗora garmar a kan gumagumai don kada ta nutse cikin laka. Na bi kowace walda da burushin waya. A gindin kunnen dama, ɓangaren da ya fi shan turi, na sami tsaga siririya kamar gashi, tsawonta bai kai ɗan yatsa ba. Na zagaye ta da farin fenti, muka yi da shi zai kawo allon gareji a watan Oktoba. Dutsen kuwa yana nan da sandarsa mai ƙyalle, ɗan ƙanen ya ce in ƙasa ta bushe zai sa masa igiyar winci.